Fursunonin da aka kai Ostireliya masu sunan dangi ɗaya: yaya za ka gane naka?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Melbourne ya aiko da tambaya. Matarsa 'yar Ostireliya ce, sunan danginsu Cooper, kuma a gidansu ana faɗin cewa kakan kakansu fursuna ne da aka koro daga Ingila tare da ƙaninsa saboda satar burodi. 'Ya'yansa sun fara tambayar asalin mahaifiyarsu, shi ya sa ya shiga intanet neman sunan. Da ya rubuta Cooper sai ya ga jerin mutane har ba ya ganin ƙarshensu, cikinsu har da wani hamshaƙin attajiri Daniel Cooper. Yana son sanin yadda zai ware nasu daga cikin taron, da kuma ko waɗannan masu suna ɗaya 'yan'uwan juna ne.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya yaran, ya kuma saka maka da alheri da ka damu da su san dangin uwarsu.

Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: wannan jerin da ka gani a intanet, ka ajiye shi gefe tukuna. Ba inda zai kai ka a yanzu. Cooper asalinsa sunan sana'a ne, mai ƙera gangar katako ta zuba giya ko gishiri ko kifi. A zamanin da Turawan Ingila suka fara ɗaukar sunan dangi, kusan kowane gari mai kasuwa yana da irin wannan mai sana'a, kuma kowannensu ya bar wa 'ya'yansa sunan. Kwatanta shi da Maƙeri ko Tela ko Dukawa a wajenmu. Ɗan Maƙeri na Katsina da ɗan Maƙeri na Damagaram ba abin da ya haɗa su sai uwar maƙera da guduma. Haka Smith, haka Taylor, haka Baker. Da a ce sunan matarka irin wanda ba a samunsa sai a ƙauyuka biyu ko uku ne, da na ce ka tattara duk mai sunan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da Cooper wannan hanya ba ta ɓullewa.

Ka kuma dubi yawan mutanen. Daga 1788, lokacin da ayarin farko na jiragen ruwa 11 ƙarƙashin Arthur Phillip ya sauka a Sidni, zuwa Janairun 1868 da jirgin ƙarshe mai suna Hougoumont ya isa Fremantle a Yammacin Ostireliya, Birtaniya ta kai fursunoni kimanin 162,000 Ostireliya, kusan 25,000 daga cikinsu mata. Kuma sunayen yanka na Turawan wancan zamani ba su da yawa: John, William, Thomas, James, George, sai Mary, Ann, Elizabeth, Sarah. Ka haɗa ɗan wannan jeri da sunan dangi irin Cooper, ka raba a kan shekara 80, za ka ga dole a yi ta karo.

Shi attajirin da ka gani kuwa, labarinsa ma ya isa darasi. Daniel Cooper mutumin Bolton ne a yankin Lancashire. An yanke masa hukunci a Chester a 1815, kora ta har abada, ya iso Sidni a farkon 1816 cikin jirgi mai suna Fanny. Ya samu afuwa, ya shiga kasuwanci, shi da wani tsohon fursuna Solomon Levey suka kafa kamfanin da ya zama ɗaya daga cikin manya a garin. To, a daidai wannan lokaci, a cikin wannan Sidni ɗin da ba ta wuce ƙaramin gari ba, akwai Robert Cooper, mutumin Landan, wanda aka ɗaure a 1812 kan karɓar kayan sata, shekara 14, ya iso a 1813 cikin Earl Spencer. Shi ma ya yi arziki, da sana'ar barasa, kuma gidan da ya gina a unguwar Paddington, Juniper Hall, yana nan tsaye har yau. Su biyun har hulɗar kasuwanci sun yi tare. Suna ɗaya, gari ɗaya, zamani ɗaya, dukkansu tsofaffin fursunoni, dukkansu attajirai, amma ba su haɗa jini ba. Kama da wane ba ta wane. Abin bai tsaya nan ba: dukiyar Daniel ta koma hannun ɗan ɗan'uwansa, shi ma sunansa Daniel Cooper, wanda ya zama kakakin majalisar dokokin New South Wales, yankin da Sidni take ciki, na farko a 1856, kuma shi bai taɓa shiga kurkuku ba. Mai gaggawa zai iya narkar da mutum ukun nan ya fitar da kaka ɗaya.

Ga kuma akasinsa. A watan Maris na 1834 kotu a Dorchester ta yanke wa wasu leburorin gona shida daga ƙauyen Tolpuddle hukuncin kora na shekara bakwai, saboda rantsuwar asiri da suka yi wajen kafa ƙungiyar neman ƙarin lada. Cikinsu akwai George Loveless da ƙaninsa James Loveless, da Thomas Standfield da ɗansa John. George bai da lafiya lokacin da aka kwashe sauran, saboda haka biyar suka tafi Sidni a jirgin Surry, shi kuma aka kai shi tsibirin Van Diemen, wato Tasmaniya ta yau, a jirgin William Metcalfe. Wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, shari'a ɗaya a rana ɗaya, amma jirgi daban, mulki daban, littafin rajista daban. In ka tsaya a takardun Sidni kaɗai ba za ka taɓa ganin George ba. Bayan an yi musu afuwa a 1836 suka koma Ingila, daga baya biyar daga cikinsu suka ƙaura Kanada. Wannan ma abin lura ne, domin ba duk wanda aka kai Ostireliya ne aka binne a can ba.

To me za a riƙe in ba suna ba? Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan matsala. Suna da fanni guda na maruwaitan da sunansu da na ubansu ya zo ɗaya alhali mutane ne daban, kuma yadda suke rarrabe su shi ne su duba wa ya karantar da shi, wa ya ɗauka daga gare shi, a wane gari ya zauna, yaushe ya rasu. Akawun gwamnatin mulkin mallaka ma haka ya yi, da nasa ma'aunin. A wurinsa fursuna ba "John Cooper" ba ne kawai. John Cooper ne na jirgi kaza, shekara kaza. Sunan jirgin yana manne da mutum kamar tsagar gado: yana kan takardar sassaucinsa wadda ke ba shi damar yi wa kansa aiki kafin wa'adinsa ya cika, yana kan takardar 'yancinsa, yana kan neman izinin aurensa, yana cikin sanarwar jarida in ya gudu, wani lokaci har a littafin asibitin da ya mutu. Abubuwa huɗu ne ke tsayar da mutum ɗaya tak: jirgi da shekarar zuwansa, kotun da ta ɗaure shi, ranar shari'ar, da tsawon hukuncin, wanda galibi shekara 7 ne ko 14 ko rai da rai. Ka kula da shekarar, don jiragen suna komawa su sake ɗauko wasu. Surry kaɗai ya yi sawu 11, kuma akwai jirage fiye da ɗaya da ke amsa sunan Asia.

Amma ba za ka san jirgin ba sai ka faro daga inda kake tsaye. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya zaɓi fursuna daga jeri, wanda labarinsa ya burge shi, sannan ya yi ta ƙoƙarin sauko da shi zuwa kan kakarsa. Ka yi akasin haka. Fara da surukinka, ka hau zuwa ubansa, zuwa kakansa, kowane hawa da takardarsa: haihuwa, aure, mutuwa. A nan kun yi sa'a, domin jihar Victoria, inda Melbourne take, ta fara rajistar gwamnati a 1853, kuma takardunta suna cikin masu cikakken bayani a duk ƙasashen da ke magana da Ingilishi. Takardar mutuwa ta Victoria tana da gurbin sunan uba da sana'arsa, sunan uwa na gidansu, garin haihuwa, inda aka yi aure da wa, sunayen 'ya'ya da shekarunsu, sannan gurbin da ya fi kowanne amfani gare ka: shekara nawa mamacin ya yi a yankunan Ostireliya, kuma a wanne. In ka ga an rubuta shekara goma sha wani abu a Tasmaniya sannan sauran a Victoria, to ka kama bakin zaren. Melbourne ba ta karɓi fursunoni kai tsaye yadda Sidni da Hobart, babban birnin Tasmaniya, suka karɓa ba, in ban da wasu 'yan kaɗan da aka sauke tsakanin 1844 da 1849 da afuwa a hannunsu. Yawancin tsofaffin fursunonin Victoria tsallakowa suka yi daga Tasmaniya, musamman bayan an gano zinariya a 1851. Mahaifin Ned Kelly, ɗan fashin da duk ɗan Ostireliya ya sani, ta haka ya zo: John Kelly daga Tipperary ta ƙasar Ayalan, an ɗaure shi shekara bakwai kan satar aladu biyu, ya sauka Hobart a 1842, ya gama wa'adinsa ya haye Victoria.

Sai dai ka riƙa tuna wanda ya ba da bayanin. Takardar mutuwa ɗa ne ko maƙwabci ya cika ta cikin jimami, kuma sau da yawa uban bai taɓa gaya masa gaskiya ba. A wancan zamani zama jikan fursuna abin kunya ne da ake binnewa, mutum ya rage shekarun zamansa a ƙasar don lissafin ya nuna ya zo ne a matsayin mai 'yanci lokacin zinariya. Takardar aure ta fi ƙarfi, tunda ango da kansa ya yi magana, kodayake shi ma yakan yi shiru game da matar da ya baro a Ingila.

In zaren ya kai ka Tasmaniya, ka gode Allah. Babu inda aka adana takardun fursunoni kamar can. Kimanin mutum 75,000 suka bi ta tsibirin kafin a daina kai su a 1853, kuma kusan kowannensu yana da shafinsa. Hukumar ɗakunan karatu ta Tasmaniya ta ɗauki hotunan littattafan ta sa a intanet kyauta, kana iya shiga ta ma'adanar sunayenta. Littafin halin maza na farkon zamani lambarsa CON31, na bayan 1840 CON33, na mata CON40 da CON41, na siffar jiki CON18, na izinin aure CON52.

Bari in kwatanta maka shafin, don ka san abin da idonka zai nema. A kusurwar hagu akwai lambar da aka ba shi, da sunansa, da jirgi, da kotu da ranar hukunci. A sama, da ƙananan rubutu, akwai laifin da aka koro shi a kai, da rahoton mai gadin kurkuku, da abin da shi kansa ya faɗa da bakinsa ranar da ya sauka: abin da ya sata, daga hannun wa, sau nawa aka taɓa kama shi, yana da aure ko babu. Ƙasa da wannan sai tarihin zamansa layi bayan layi, cikin gajerun haruffa masu wahalar karantawa: ranar kaza ya bugu, bulala 25, ranar kaza bai kwana gidan ubangidansa ba, wata uku a aikin hanya cikin mari, ranar kaza an ba shi tikitin sassauci, ranar kaza an ƙwace. Littafin siffa kuma ya auna tsawonsa da ƙafa da inci har zuwa rubu'in inci, launin ido da gashi, siffar hanci da haɓa, zanzanar agana in akwai, tabon ƙuna, yatsan da ya karye, haƙorin da ya fita, da jarfar da ke jikinsa. Jarfar nan kada ka raina ta. Da yawansu kafin a tashi da su sukan sa a zana musu haruffan farko na sunayen iyaye, mata ko 'ya'ya a dantse, wani har da ranar da aka ɗaure shi. Sannan a rajistar sauka ta shekarun 1840 akan rubuta danginsa da ya baro: uba wane, uwa wance, 'yan'uwa maza su wane, mata su wance, suna garinsu. Wannan layi ɗaya ya fi shafi ɗari na hasashe, domin shi za ka ɗauka ka gwada da littafin baftisma na cocin garin.

Ni ma na taɓa cin tuwon gaggawa. Shekarun baya ina taya wata baiwar Allah neman kakanta, na samu mutum mai sunan da muke nema, shekarunsa sun yi daidai, yankin da ya fito a Ingila ya yi daidai, har sana'ar. Na bi shi kusan wata biyu, na rubuta mata labarinsa da bulalarsa da komai, tana ta hawaye. Sai wata rana ina duba wata sanarwar jarida da ta kwatanta kakan nata na gaskiya a shekarunsa na girma, na ga an ce dogo ne mai ƙafa biyar da inci goma. Nawa mutumin ƙafa biyar da inci uku ne, kuma ya sauka yana da shekara kusan talatin, ba yaron da zai ƙara tsawo ba. Da na koma littafin, ashe su biyu ne masu sunan a jirgi ɗaya, akawu ya sa wa ɗaya "na farko" ɗaya "na biyu", ni kuma ban ɗaga shafin gaba ba. Kiran da na yi mata in janye kakan da na ba ta, har yau in na tuna sai na ji nauyi. Tun daga ranar, duk wanda na ɗauka nawa ne, sai na fara neman hujjar da za ta kore shi: ko ya mutu kafin a haifi ɗan, ko yana tsare a Port Arthur ko tsibirin Norfolk a shekarar da aka ɗauki cikin, ko ya auri wata daban a wani gari. Wanda ya tsallake wannan siraɗin shi nake rubutawa da biro. Sauran da fensir.

In kuma New South Wales ne, aikin ya ɗan fi wuya, don ba a samu littafin hali na kowane mutum a adane irin na Tasmaniya ba, sai ka tsinto labarin daga wurare daban-daban. An daina kai fursunoni can a 1840. Ma'adanar tarihin jihar tana da rajistar sauka ta jirage, da kututturen tikitin sassauci, da takardun 'yanci, da na afuwa iri biyu: mai sharaɗin kada ka koma Birtaniya, da cikakkiya. Lissafin shekaru yana taimakawa a nan. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, mai shekara 7 yana iya neman tikiti bayan 4, mai 14 bayan 6, mai rai da rai bayan 8, kuma wa'adin ana ƙirga shi daga ranar shari'a, ba ranar sauka ba. Saboda haka takardar 'yanci ta 1834 ta mai shekara bakwai tana nuna maka shari'ar 1827. Ƙidayar Nuwamban 1828 ita ce babbar taska: kowane mutum da shekarunsa, jirginsa, addininsa, aikinsa, inda yake zaune, da wasu haruffa biyu da ke faɗin matsayinsa. CF ya zo a matsayin mai 'yanci, BC haifaffen ƙasar ne, GS yana cikin ɗauri, TL yana da tikiti, FS ya gama wa'adi. Yammacin Ostireliya ba zan daɗe a kanta ba: maza zalla aka kai, ƙasa da 10,000, daga 1850 zuwa 1868, kowa da lambarsa, kuma lambar ta isa ta raba masu suna ɗaya. Duk inda yake dai, ka bincika Trove, rumbun tsofaffin jaridu na babban ɗakin karatun ƙasar, ka rubuta sunan mutumin tare da sunan jirgin.

Sai ka riƙe jirgi da kotu a hannu sannan za ka tsallaka teku. Babbar ma'adanar Birtaniya tana Kew a yammacin Landan. Rajistar kora, HO 11, ita ce tushen mafi yawan jerin da ke yawo a intanet, har da wanda ɗakin karatun jihar Queensland ya tsara mai sunaye sama da 120,000. Ina kyautata zaton irinsa ka gani. Abin da ke ciki suna ne, da kotu, da rana, da wa'adi, da jirgi. Galibi ba shekarun haihuwa, ba laifi, ba gari. Ka ga dalilin da ya sa na ce ba zai raba maka gardama ba. Rajistar masu laifi ta HO 27, da HO 26 ta yankin Landan, su za su ba ka laifin. HO 8 da HO 9 na tsofaffin jiragen yaƙin da aka girke a bakin ruwa aka mayar kurkuku ne, inda mutum kan yi watanni ko shekaru yana jiran tafiya, kuma a nan za ka gano wani abu da mutane ba sa zato: da yawa an yanke musu kora amma ba su taɓa barin Ingila ba, sun gama zamansu a waɗannan jirage, wasu kuma Bermuda ko Jibraltar aka kai su aikin tashar ruwa. Ganin hukuncin kora a jarida ba ya nufin mutum ya taka Ostireliya.

Wanda na fi so a duk tarin shi ne takardun roƙon afuwa, HO 17 da HO 18. A nan ne ake jin muryar dangi: uwa tsohuwa tana cewa shi ke ciyar da ita, mata tana lissafa 'ya'ya biyar, limamin coci da masu shaguna na unguwa sun sa hannu a ƙasa. In akwai ɗan'uwa a cikin shari'ar, a nan zai fito. Akwai kuma littattafan likitocin jirgi, ADM 101, inda za ka iya samun mutuminka kwance da ciwon ciki a tsakiyar teku, da shekarunsa a rubuce. In a Landan aka yi shari'ar, bayanan kotun Old Bailey daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta, da maganar shaidu da ta wanda ake tuhuma. In ƙaramar kotun gunduma ce, takardun suna ma'adanar wannan gunduma, ba Kew ba, kuma sau da yawa jaridar garin ta fi takardar kotun bayani.

Ƙasar Ayalan daban take. Jiragen da suka tashi daga Cork da Dublin ba sa cikin HO 11, kuma gobarar da ta cinye ma'adanar Dublin a yaƙin basasa na 1922 ta tafi da rajistar kora ta kafin 1836. Wanda ya fito daga can kafin wannan shekara, takardun Ostireliya da jaridu su ne madogara. Na Sikotilan kuma suna Edinburgh, kuma bayanan shaidu da masu gabatar da ƙara suka tattara kafin shari'a suna da zurfi ƙwarai.

Kada ka amince da rubutun sunan ma. Da yawa daga mutanen nan ba su iya rubutu ba, akawu abin da kunnensa ya ji shi yake sawa. Ka nemi Cooper, ka nemi Couper da Cowper da Coupar. Wasu kuma da sunan aro aka ɗaure su, aka ci gaba da kiransu da shi har ƙarshen wa'adi. Matar da hotonta ke kan takardar dala 20 da ke aljihunka, Mary Reibey, an kama ta a 1791 tana yarinya da dokin sata, sanye da kayan maza, tana amsa sunan James Burrow. Sunanta na gida Haydock, Reibey kuwa na mijin da ta aura a Sidni a 1794 ne. Mutum ɗaya, suna uku. Yana yiwuwa ƙwarai Cooper na gidanku ba da Cooper ya hau jirgi ba, ko kuma fursunan da ake faɗi ta wajen wata kaka mace yake, labarin ya zame ya koma kan sunan maza, kamar yadda labarin gida kan yi.

Batun ƙanin da aka ce an koro su tare, wannan ne ma ya fi saurin tabbata ko rushewa. In shari'a ɗaya ce, za ka ga sunayensu jere a rajistar kotu, rana ɗaya, laifi ɗaya. Amma ko hakan bai isa ba, don ɗan baffa ma yana iya zama, ko uba da ɗa kamar su Standfield. Abin da ke rufe magana shi ne garin haihuwa ɗaya a rajistar sauka, sunayen iyaye ɗaya a littafin coci, ko ɗan rubutun da akawun Sidni kan ƙara a gefen shafi cewa wansa wane ya riga shi zuwa shekara kaza da ta wuce. In takarda ta ƙare, akwai gwajin ƙwayar halitta ta layin maza, wadda ke bin uba zuwa ɗa kamar yadda sunan ke bi. Matarka ba za ta iya yin wannan ba, sai mahaifinta ko ɗan'uwanta namiji, a gwada da wani namiji daga zuriyar ɗaya Cooper ɗin. Ka dai faɗa musu tun farko cewa gwajin yakan tono abin da ba shi aka je nema ba, su amince kafin a yi.

Burodin kuwa, ka shirya wa surukanka zuciya. Kusan duk gidan da na taya bincike da burodi labarin yake farawa. Gaskiya ne yawancinsu ɓarayin ƙananan kaya ne da talauci ya kora, amma abin da na fi gani a takarda shi ne hankici, agogo, tufafin shanya, tunkiya, kuma sau da yawa ba kamun farko ba ne.

A wannan makon, ka zauna da wanda ya fi kowa tsufa a dangin matarka, ka rubuta duk sunan da ya tuna da garin da kowa ya mutu. Sannan ka nemi takardar mutuwa da ta aure na Cooper mafi nisa da kuka tabbatar daga ofishin rajistar Victoria, hoton ainihin shafin za ka saya, ba taƙaitaccen bayani ba. In sun zo, ka turo mini abin da aka rubuta a gurbin garin haihuwa da na shekarun zama a ƙasar, mu ga ko Hobart za mu nufa ko Sidni.